Ƙarfin tuwo a filin kwando: Yadda kociyoyi ke gwada haƙurin alƙalan wasa

A dokar ƙwallon kwando, ɗan wasa ba shi da ikon riƙe abokin hamayyarsa, ko ture shi, ko sa masa ƙafa, ko kai masa duka. Haramcin yana cikin dokoki 13 na farko da James Naismith ya rubuta lokacin da ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka a shekarar 1891, kuma har yau yana nan.

Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili ya san doka daban, abin da ke faruwa a ƙarƙashin kwando daban. Mutum goma ne ke guje-guje a filin da tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15. Dole jiki ya gogi jiki. Da alƙali zai busa usur a kan kowace gogayya, da wasan minti 40 sai ya cinye yini guda.

Kociyoyi sun san haka. Wasu daga cikinsu a kan wannan giɓi suke gina dabarar wasansu gaba ɗaya: su sa yaransu su matsa wa abokan hamayya da ƙarfin tuwo tun daga minti na farko, har alƙali ya saba da ganin turereniya ya daina ɗaukar ta laifi.

Dabarar ta faro ne daga manyan gasanni, amma wayar hannu ta kawo ta har gida. Matashin da ke Tudun Wadar Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, yana kallon gajerun bidiyon gasar NBA ta Amurka a YouTube da TikTok kamar yadda takwaransa na Legas ke kallo. Abin da ya gani shi zai kai fili da yamma, filin da galibi daɓen siminti ne, kuma mai busa usur malamin motsa jiki ne ko wani tsohon ɗan wasa da aka roƙa ya taimaka.

Lissafin da koci ke yi

Kafin a fahimci dabarar sai an san lissafin. A dokokin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, waɗanda da su ake wasa a Najeriya, ana yin zango huɗu ne na minti goma-goma. Ɗan wasan da ya yi ƙeta sau biyar ya fita ke nan, ba zai sake shiga ba. A NBA kuwa sai ya yi shida, domin zangonsu minti 12 ne.

Ita ma ƙungiya ana ƙirga mata. Idan 'yan wasanta suka tara ƙeta huɗu a zango ɗaya, daga ta biyar duk ƙetar da suka yi wajen tsaro sai a bai wa abokan hamayya jifa biyu na kyauta.

Ƙungiya na zuwa da 'yan wasa har 12. Idan kowannensu na da damar yin ƙeta biyar, koci na kallon bencinsa a matsayin jakar da ke ɗauke da ƙeta 60, ya kashe yadda ya ga dama. Ita kuwa ƙungiyar da ta dogara da gwani ɗaya ko biyu ba ta da wannan wadata. Gwaninta na yin ƙeta uku kafin hutun rabin lokaci, dole a zaunar da shi.

Sai kuma abin da dokar kanta ta bar wa alƙali. FIBA ba ta ce a hukunta kowane taɓi ba. Ta ce alƙali ya duba ko taɓin ya bai wa wanda ya yi shi wata fa'ida, ko ya cutar da wanda aka yi wa, kuma kada ya riƙa katse wasa ba gaira ba dalili. Wannan sassauci shi ke sa wasa ya yi armashi. Ta nan ne kuma koci mai wayo ke shigowa.

Mintunan farko na gwaji ne

Hanya ta farko ita ce auna alƙali. Da an jefa ƙwallo sama, mai tsaro zai ɗora hannu a ƙugun mai ƙwallo. Idan ba a busa ba, sai ya ƙara da dantse. Idan nan ma shiru, sai a fara jan riga a ƙarƙashin kwando, inda jikkuna suka cunkushe ido ba ya kaiwa.

Duk abin da alƙali ya bari a minti biyar na farko ya zama mizanin wasan. In ya zo ya busa irinsa a zango na huɗu, koci zai miƙe yana tambaya: me ya sa ɗazu ba laifi ba ne, yanzu ya zama laifi? Alƙalai suna gudun a ce ba su da tsayayyen ma'auni, don haka da yawa sai su ci gaba da yadda suka faro.

Hanya ta biyu ita ce yawaitawa. Tsohuwar magana ce a tsakanin kociyoyin Amurka cewa alƙali ba zai iya busa duka ba. Idan 'yan wasa biyar suna taɓa abokan hamayya a kowane hari, alƙali zai zaɓi mafi muni ya hukunta, sauran su wuce. Ƙungiyar da ta yi ƙeta 40 aka kama ta da 22 ta ci ribar 18.

Hanya ta uku ta shafi allon maki. A shekarar 2009 wasu masu bincike biyu a Amurka, Kyle Anderson da David Pierce, sun fitar da nazarin da suka yi a kan wasanni 365 na gasar jami'o'in ƙasar. Sun gano cewa idan an busa wa ƙungiya ɗaya ƙeta fiye da ɗayar, akwai yiwuwar busa ta gaba ta faɗa kan wadda ke da ƙaranci. Sun kuma ga an fi busa wa baƙi, da ƙungiyar da ke kan gaba a maki.

Ma'ana, alƙali na jin nauyin ganin allo ya nuna bakwai da ɗaya, ko da kuwa gaskiyar wasan ke nan. Wannan na nufin ƙungiyar da ta fi yin ƙeta ba ta biyan cikakken farashin abin da ta aikata, ita kuma mai wasa da tsafta ana iya laƙaba mata laifin da bai taka kara ya karya ba don a daidaita. Shi ya sa za ka ji koci na ƙirga wa alƙali adadin da ƙarfi don kowa ya ji.

Akwai kuma aikin baki. Doka ta yarda babban koci ya yi wa alƙali magana cikin ladabi don neman bayani, amma sai an tsayar da wasa da agogo. Kociyoyi na amfani da damar su yi hannunka-mai-sanda: a lura da mai lamba kaza, yana amfani da gwiwar hannu. Daga nan idon alƙali ya koma kan wancan yaron, nasu yaran su samu sarari.

Wani kocin ma da gangan zai wuce gona da iri har a rubuta masa laifin rashin ɗa'a, wanda 'yan wasa ke kira tekinikal. A dokar FIBA hukuncinsa jifa ɗaya ne na kyauta. Kocin na ganin maki ɗaya ba tsada ba ne idan zai tayar da 'yan kallo ya sa alƙali ya yi ɗari-ɗari a busa ta gaba. Haɗarin shi ne idan ya ƙara na biyu, sai ya bar filin.

Daga Detroit zuwa Olajuwon

Ƙungiyar da ta fi shahara da wannan salo ita ce Detroit Pistons a ƙarƙashin koci Chuck Daly. A ƙarshen shekarun 1980 sun tsara yadda za su tare Michael Jordan na Chicago Bulls: duk lokacin da ya nufo kwando, mutum biyu ko uku su rufe shi, kuma a tabbatar ya ji a jikinsa. Bill Laimbeer da Dennis Rodman na cikin waɗanda suka ɗauki wannan aiki.

Dabarar ta yi musu rana. Sun fitar da Bulls a 1988 da 1989 da 1990, suka ɗauki kofin NBA a 1989 da 1990. Sai da Jordan ya koma ɗaga ƙarfe ya ƙara ƙwari, abokan wasansa kuma suka koyi raba ƙwallo, sannan Bulls suka lallasa su wasa huɗu a jere a 1991.

Pat Riley ya ɗauki irin salon ya kai New York Knicks. A wasan ƙarshe na 1994 suka haɗu da Houston Rockets, wadda jagoranta shi ne Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. An buga wasa bakwai, kuma babu ƙungiyar da ta kai maki 100 ko sau ɗaya. Rockets ce ta ɗauki kofin, Olajuwon ya zama gwarzon wasannin, abin da ya nuna cewa ƙwarewar ƙafa da natsuwa na iya rinjayar turereniya.

Hukumar NBA ta ga 'yan kallo na gajiya da wasan da ya koma kokawa. A 1994 ta taƙaita ɗora hannu a jikin mai ƙwallo, a 2004 kuma ta umarci alƙalai su tsananta hukunci a kai. Matsakaicin makin da ƙungiya ke ci a wasa ya tashi daga kusan 93 zuwa 97 cikin kaka ɗaya. 'Yan wasan ba su canza ba. Abin da alƙalai suka daina lamunta ne ya canza.

Ranar da dabara ta karya hannu

Misalin da ya fi tayar da hankali ya faru ne a birnin Philadelphia a watan Fabrairun 2005, a wasa tsakanin Jami'ar Temple da ta Saint Joseph's.

Kocin Temple, John Chaney, dattijo ne da ake girmamawa ƙwarai a harkar. Tun kafin wasan ya yi ƙorafi a fili cewa 'yan Saint Joseph's na tare hanya da jiki ba bisa ƙa'ida ba kuma alƙalai na kau da kai. Da wasa ya yi nisa bai ga an busa abin da yake so ba, sai ya tayar da wani ƙaƙƙarfan ɗan wasa da ba a cika sa shi ba, Nehemiah Ingram, ya tura shi ya yi ƙeta mai zafi don aika saƙo.

Cikin minti huɗu Ingram ya cika ƙetarsa biyar aka fitar da shi. Ɗaya daga ciki ta kayar da John Bryant, ɗalibin ajin ƙarshe, hannunsa ya karye. Temple ta sha kaye a wasan, aka dakatar da Chaney, ya fito ya nemi gafara. Ya yi ritaya a 2006, kuma har rasuwarsa a 2021 ana ambaton wannan dare a duk lokacin da ake ba da tarihinsa.

Alƙalai Chaney ya so ya yi wa magana, amma wanda ya kwana da karaya ɗalibi ne da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yadda abin yake a gida

Arewacin Najeriya ba baƙo ba ne a ƙwallon kwando. Zariya ta daɗe tana fitar da 'yan wasa, musamman ta hannun koci Oliver B. Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru masu yawa yana horarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. A Zariya Masai Ujiri ya tashi ya fara wasa, shi ne kuma shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019.

Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau da dama, tana fafatawa a rukunin arewa da ake kira Savannah da ƙungiyoyi irin su Gombe Bulls da Bauchi Nets da Plateau Peaks da Niger Potters. A matakin ƙasa, D'Tigers sun ɗauki kofin Afirka a Tunisiya a 2015 bayan doke Angola, sannan a watan Yulin 2021 suka doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas.

Sai dai rikicin shugabanci da ya ɓarke a hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya, NBBF, a 2017, lokacin da aka yi zaɓe biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, ya dagula gasar cikin gida na tsawon shekaru. An fi maganar asarar da 'yan wasa suka yi. Amma shi ma alƙalanci da yawan busa ake ƙwarewa a kansa, kuma alƙalin da ba ya samun manyan wasanni idonsa ba zai yi kaifi ba.

A Zamfara ƙwallon ƙafa ce ke jan jama'a. Ƙwallon kwando ta fi zama a makarantun sakandare da manyan makarantu, kuma babbar ƙofar da ɗalibi ke da ita ta fita a san shi ita ce gasar makarantu irin ta Milo, wadda aka fara a 1999, ana tashi daga matakin jiha zuwa shiyya, a ƙare a Legas.

A irin wannan mataki ne dabarar ƙarfin tuwo ta fi haɗari. A manyan gasanni alƙalai uku ne ke cikin fili, ga masu teburi, ga na'urar sake duba bidiyo, har ma koci na da damar neman a sake duba hukunci, tsarin da NBA ta fara a 2019, FIBA ta bi a 2022. A wasan makaranta ko na unguwa alƙali biyu ne idan an yi sa'a, wani lokacin ɗaya. Babu bidiyo, babu shinge tsakaninsa da 'yan kallo, kuma idan an tashi hanya ɗaya zai bi da su zuwa gida. Ƙila kocin da ke masa ihu malaminsa ne a da, ko yayan abokinsa.

Ga kuma ƙasan filin. Ɗan wasan NBA idan aka ture shi yana sama, a kan katako mai ɗan taushi zai faɗo, likitoci na jiran sa a gefe. Yaron Gusau a kan siminti zai faɗo, kuma kuɗin asibiti ko na mai ɗori daga aljihun mahaifinsa zai fito. Iyaye da yawa dama ba su gamsu da wasan ba. Karaya ɗaya ta isa a hana yaro da ƙannensa komawa fili har abada.

Ba duk gogayya ce mugunta ba

Masu kare wasan ƙarfi suna da hujjarsu, kuma ba a banza take ba. Tsaro mai tsanani halas ne. Dokar FIBA ta bai wa kowane ɗan wasa ikon wurin da yake tsaye da sararin da ke samansa. Mai tsaron da ya riga ya kafa ƙafafunsa biyu yana fuskantar mai ƙwallo, idan aka banke shi a ƙirji, laifin na mai harin ne. Mai tsalle sama tsaye da hannuwansa a miƙe bai yi laifi ba ko da an yi karo. Tare hanya da jiki ma halas ne muddin mai yi ya tsaya cik.

Ƙungiyar da ba ta da dogaye ko gwanayen jifa ba ta da abin dogaro sai juriya da matsi. Nolan Richardson ya ɗauki kofin jami'o'in Amurka da Arkansas a 1994 ta hanyar matsa wa abokan hamayya a ko'ina cikin fili daga farkon wasa har ƙarshe. Ita ma tawagar matan Najeriya, D'Tigress, da tsaro mai zafi ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Olamfik ta Paris a 2024 a ƙarƙashin Rena Wakama, abin da wata tawagar Afirka ba ta taɓa yi ba a ƙwallon kwando.

Bambancin na wurin niyya da horo. Kocin da ke koya wa yaro motsa ƙafa ya riga abokin hamayya isa wuri, tsaro yake koyarwa. Wanda ke koya masa inda zai ɓoye hannu don alƙali kada ya gani, wani abu daban yake koyarwa, kuma yaron ne zai biya. Ranar da ya je gasar shiyya ya haɗu da alƙalan da suka san aiki, kafin hutun rabin lokaci ya tara ƙeta huɗu yana benci, masu neman 'yan wasa kuma sun wuce shi.

Abin da ke hannun alƙali

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Koci na gwadawa ne domin ya san wani lokacin gwajin na ci. Doka kuwa ta bai wa alƙali makaman da suka isa.

Na farko shi ne busa ta farko. Alƙalin da ya hukunta hannu a ƙugu a minti na ɗaya, a kan ƙungiyoyin biyu, ya rage wa kansa aikin minti 39 da suka rage, domin 'yan wasa na saurin gane iyakar da aka shata musu.

Na biyu shi ne hukuncin muguwar ƙeta. Idan ɗan wasa ya bar ƙwallo ya nufi jiki, ko ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, hukuncin jifa biyu ne na kyauta sannan ƙwallo ta ci gaba da zama a hannun waɗanda aka yi wa. Ya maimaita sau biyu, ya fita daga wasan. Tun 2017 FIBA ta faɗaɗa wannan hukunci ya haɗa da ƙetar da ake yi kawai don katse hari mai sauri. Wannan na rushe lissafin ƙeta 60, domin farashin ya ninka.

Na uku shi ne benci. Mutum ɗaya kawai doka ta yarda ya tsaya yayin da ake wasa, ko babban koci ko mataimakinsa na farko. Alƙali na iya yin gargaɗi sau ɗaya, daga nan sai hukunci.

Sauran aikin na masu shirya gasa ne, daga shugabannin makarantu zuwa jami'an wasanni na jiha. Kada a sa alƙali ɗaya ya busa wasan gasa. Kada a ba mutum wasan makarantar da yake koyarwa. A tara kociyoyi da alƙalai kafin a fara, a faɗa musu abin da za a hukunta, kowa ya ji da kunnensa. A biya alƙali haƙƙinsa daga asusun gasa, kada ya jira abin da wata ƙungiya za ta miƙa masa. A kuma ajiye akwatin agajin gaggawa a bakin fili.

Ko wayar da ta kawo matsalar na iya taimakawa. Waya ɗaya a kan sanda a gefen fili ta isa ta ɗauki wasa gaba ɗaya, alƙalai su zauna daga baya su ga abin da ya wuce su, koci kuma ya san cewa umarnin da ya bai wa yaransa zai bayyana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke koyon jifa a filayen makarantun Gusau da Tsafe da Bungudu a yau, daga cikinsu za a samu kociyoyi da alƙalan shekaru goma masu zuwa, kuma abin da aka bar su suka saba da shi yanzu shi za su koyar.